Kafin A Danna Kunamar Bindiga, Wa Zai Yi Magana?

A zaman da ƙungiyarmu ta yi bayan babbar salla, da hira ta gangaro kan satar mutane a gida, wani yayanmu da nake ganin girmansa ya miƙe ya ce: “Da a nan ƙasar Sin ne, da tuni an murƙushe su. Gwamnatin da ta isa ba ta zama da ɗan ta'adda.” Ɗakin ya kaure da tafi. Ban tanka ba a ranar, domin wurin cin naman salla ba wurin gardama ba ne. Sai dai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, ganin irinta ce muke ji daga bakin masu mulki duk lokacin da aka kora 'ya'yan talakawa daji, sannan da 'yan jarida sun watse a bar iyaye da wayar salula da hawaye. Don haka na roƙi edita ya ara mini fili in ba Yaya amsa, cikin ladabi amma ba tare da rufa-rufa ba.

Abin da nake cewa shi ne, magana da wanda ya yi garkuwa da mutane, ko wanda ya tare hanya da makami, ko taron jama'ar da ya fusata, sana'a ce da ake koyo kamar yadda ake koyon harbi. Ƙasashen da suka ƙware a kanta sun koye ta ne daga gawarwakin da suka jawo da hannunsu. Sun buɗe kundin kowace arangama, sun karanta kurakuransu, sun koyar da kurata. Mu kuwa irin waɗannan darussa ga su nan birjik, daga Kano ta 1980 zuwa Kuriga ta 2024, amma mun binne su tare da mamatan. Tun da dai da ƙasar Sin aka kafa hujja, bari mu fara daga nan.

Duk hutu nakan raka 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari zuwa Xintang in yi musu tafinta. Gari ne a gundumar Zengcheng, gabas da tsakiyar birnin Guangzhou, wanda duniya ta sani da ɗinkin wandon jins. Mafi yawan masu zama bakin keken ɗinki da masu rini da wanki a can 'yan ci-rani ne daga lardunan cikin ƙasa. A daren Juma'a, 10 ga Yuni, 2011, a ƙauyen Dadun da ke cikin Xintang, 'yan sintirin unguwa suka zo korar masu kasa kaya a gaban wani babban kanti. Cikin masu kayan akwai wata 'yar shekara 20 daga lardin Sichuan, mai juna biyu, ita da mijinta. Aka yi cacar baki, aka yi ture-ture, matar ta faɗi ƙasa.

Ba a kashe kowa ba. Amma kafin gari ya waye jita-jita ta zaga ta wayoyi cewa an yi kisa, 'yan ci-rani da suka daɗe suna haɗiyar wulaƙanci suka fito da dubbansu. Kwana uku ana kifar da motocin 'yan sanda, ana cinna wa gine-ginen hukuma wuta. Aka kawo 'yan sandan kwantar da tarzoma, da motoci masu sulke, da barkonon tsohuwa. Ga ƙarfin nan da Yaya yake sha'awa, an baje shi a kan titi. To duk da haka, ranar 12 ga wata sai da hukuma ta kawo mijin matar gaban 'yan jarida ya shaida cewa ita da cikinta suna lafiya. Magana ce ta gaskiya, amma ta zama ihu bayan hari, domin ta makara da kwana biyu, ta kuma fito daga kan teburin hukumar da jama'a suka riga suka daina yarda da ita. A daren ma garin bai kwana lafiya ba. Daga baya aka ɗaure wasu daga cikin masu tarzomar, aka kuma sauke manyan jami'an garin daga muƙamansu.

Duk wannan ɓarna ta samo asali ne daga 'yan mintuna na farko a gaban kantin nan. Da a ce akwai mutum ɗaya cikin masu kaki da aka horar ya durƙusa ya ɗago matar, ya saurari mijin, ya kira dattawan 'yan Sichuan su bi ta asibiti su gani da idonsu, da ba a buƙaci mota mai sulke ko ɗaya ba.

Wata shida bayan haka, a wannan lardi na Guangdong, mutanen ƙauyen Wukan suka kori jami'an gwamnati saboda sayar musu da gonaki, bayan wakilinsu Xue Jinbo ya mutu a hannun 'yan sanda ranar 11 ga Disamba, 2011. Jami'an tsaro suka yi wa ƙauyen ƙawanya, duniya ta zuba ido tana jiran zubar jini. Ranar 21 ga Disamba mataimakin sakataren jam'iyya na lardin, Zhu Mingguo, ya zauna da jagoran mutanen, Lin Zuluan, aka janye shingaye daga ɓangarorin biyu, a watan Maris na 2012 ƙauyen ya zaɓi shugabanninsa. Ashe dai gwamnatin da ake yi mana kuri da ita tana zama da waɗanda suka yi mata bore idan ta ga asarar harbi ta fi ribarsa.

Kada a ɗauka yabon gwamnatin Sin nake yi. A 2016 an kama Lin Zuluan ɗin nan an ɗaure shi, 'yan sanda suka afka wa ƙauyen, amanar da aka gina a 2011 ta rushe. Waɗanda suke Guangzhou a watan Afrilun 2020 kuma ba su manta yadda aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal suka kwana a titi ba. Hannun ƙarfen da muke yi wa tafi daga nesa, ranar da ya juyo kanmu ba ya tambayar suna.

Yanzu mu duba inda sana'ar ta samo asali. A watan Satumba na 1971 fursunonin gidan yarin Attica a jihar New York ta Amurka suka yi garkuwa da gandirobobi. Bayan kwana huɗu ana tattaunawa, hukuma ta gaji ta ba da umarnin a kutsa. Mutum 39 suka mutu a farmakin, 10 daga ciki waɗanda aka je ceto ne. Jami'ai suka ce fursunoni ne suka yi musu yankan rago, sai binciken gawa ya nuna harsashin jami'an tsaro ne ya kashe su. Shekara ɗaya bayan nan, a gasar Olamfik ta birnin Munich a Jamus, 'yan wasan Isra'ila 11 suka hallaka, tara daga cikinsu a filin jirgin sama lokacin yunƙurin ceto da aka yi ba shiri.

Waɗannan abubuwa biyu suka sa rundunar 'yan sandan New York ta saurari wani ɗan sandanta, Harvey Schlossberg, wanda ya yi digirin digirgir kan halayyar ɗan'adam. A watan Janairu na 1973 wasu mutum huɗu suka yi garkuwa da jama'a a wani kantin kayan wasanni a Brooklyn, aka kashe ɗan sanda ɗaya tun a farkon lamarin. Abokan aikinsa na neman ramuwa, amma aka bi shawarar a kewaye wurin, a tsagaita wuta, a yi ta magana. Bayan awa 47 waɗanda aka tsare suka kuɓuta da ransu, mutanen huɗu suka miƙa wuya. A shekarar ce Schlossberg da Frank Bolz suka kafa sashen masu sasanci na rundunar, daga nan hukumar FBI da sauran ƙasashe suka ɗauka.

Me ake koyarwa? A fara killace wurin yadda rikicin ba zai yaɗu ba, kuma ba kowa zai kutso ba. A ja lokaci, domin mai fushi yana hucewa, yunwa da gajiya da barci suna aikin da harsashi ba ya yi. Baki ɗaya ne zai yi magana, kuma ba bakin kwamanda ba, saboda mai sasanci yana buƙatar ya iya cewa “bari in kai wa na gaba” ya sami sarari, alhali kwamanda in ya ce a'a magana ta ƙare. A saurara fiye da yadda ake magana, a maimaita wa mutum abin da ya faɗa har ya tabbata an ji shi, domin ba ya karɓar shawarar wanda bai saurare shi ba. Kada a gindaya wa'adin da ba a shirya cikawa ba. Kada a yi ƙaryar da za ta tonu. Kada a ba da komai kyauta: ruwa, abinci, magani, kowanne a karɓi wani abu a madadinsa, ko da sakin yaro ɗaya ne. A rubuta kowace kalma da lokacin da aka faɗe ta.

Ba daga allo kawai ake koyon waɗannan ba, daga abin da ya faru ne. A Waco ta jihar Texas a 1993, masu sasanci sun fito da mutum 35, cikinsu yara 21, ta hanyar lallashi. Amma kwamandojin filin daga suka riƙa yanke wutar lantarki, suna kunna ƙara da dare, suna take motocin mutanen da tankoki, wato hannun dama na gini na hagu na rushewa. A rana ta 51 mutum 76 suka mutu lokacin da gobara ta cinye ginin. Amurka ta yi bincike, ta wallafa, ta sauya tsari. Shekara uku bayan haka, da wasu masu makamai suka ja daga a jihar Montana, FBI ta yi haƙurin kwana 81, aka ƙare ba a zubar da jini ba.

Ga kuma na Manila, babban birnin Filifin, ranar 23 ga Agusta, 2010. Wani korarren ɗan sanda, Rolando Mendoza, ya ƙwace motar safa ɗauke da 'yan yawon buɗe ido daga Hong Kong, yana neman a mayar da shi bakin aiki. Da rana ya saki mutum tara, magana na tafiya. Da yamma 'yan sanda suka kama ɗan'uwansa a gaban kyamarori, shi kuwa yana kallo kai tsaye ta talabijin ɗin cikin motar. Nan ya buɗe wuta, mutum takwas suka mutu. Gwamnatin Filifin ta kafa kwamitin bincike ta fitar da rahoto, kotun binciken mutuwa ta Hong Kong ma ta yi nata zaman. Duk mai son sanin illar barin 'yan jarida su haska komai kai tsaye, da illar taɓa dangin mai garkuwa ana tsakiyar magana, kundin yana nan a buɗe.

To mu dawo gida mu auna namu da wannan ma'auni. Ranar 26 ga Nuwamba, 1980, Gwamna Abubakar Rimi ya aika wa Muhammadu Marwa Maitatsine takardar wa'adin mako biyu ya tashi daga 'Yan Awaki. Wa'adi ya cika ba a yi komai ba, mutumin ya yi amfani da kwanakin ya tara mabiya. Ranar 18 ga Disamba aka gwabza a filin Shahuci, mabiyansa suka fi ƙarfin 'yan sanda, sai da soja suka shigo. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mamata 4,177. Waɗanda suka tsira suka watsu, wutar ta sake tashi a Bulunkutu da Kaduna a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985.

A Maiduguri, ranar 11 ga Yuni, 2009, jami'an rundunar haɗin gwiwa suka tare mabiyan Muhammad Yusuf suna kan hanyar maƙabarta, a kan batun hular kwano. Gardamar bakin titi, irin ta gaban kantin Dadun, ta ƙare da harbin mutum 17. Mako shida da 'yan kwanaki aka samu tsakanin wannan rana da ɓarkewar yaƙi a ƙarshen Yuli, lokacin da ya isa a yi magana mai yawa. Ranar 30 ga Yuli soja suka miƙa Yusuf ga 'yan sanda da ransa, aka kashe shi a hannunsu. Ban ce aƙidarsa abin tausayi ba ce. Na ce tun daga ranar duk mai makami a Arewa ya sami hujjar cewa miƙa wuya mutuwa ce, kuma babu abin da ya fi wannan wahalar da mai sasanci.

A unguwar Mabera ta Sakkwato, ranar 8 ga Maris, 2012, dakarun Nijeriya da na Birtaniya suka kai samame don ceto injiniyoyi biyu, Chris McManus da Franco Lamolinara, waɗanda aka sace a Birnin Kebbi a 2011. Kafin a kai gare su masu tsaronsu sun kashe su, gwamnatin Italiya ta yi ƙorafin ba a sanar da ita ba sai da aka fara. A Zariya kuma, ranar 12 ga Disamba, 2015, duk mun ga faifan manyan hafsoshin soja suna roƙon 'yan Harkar Musulunci su buɗe wa ayarin Janar Buratai hanya. An yi magana, gaskiya ne. Amma masu maganar su ne masu bindigar, su ne masu gaggawa, su ne kuma waɗanda aka taɓa martabarsu a gaban yaransu. Babu wani na uku da aikinsa kawai ya sanyaya wuri. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya ji shaidar cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya, ya zargi soja da wuce gona da iri, ya kuma ɗora wa shugabannin Harkar nasu alhakin. Rahoton yana nan tun 2016. A wane aji ake karanta shi?

Sai satar ɗalibai da matafiya. Duba waɗanda suka yi magana a madadinmu a kowace. 'Yan matan Chibok 21 da aka sako a 2016 da 82 na 2017, lauya Zannah Mustapha ne ya shiga tsakani, da taimakon gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross ta duniya. Yaran Ƙanƙara 344 na Disambar 2020, shugabannin makiyaya aka nema. A jami'ar Greenfield ta Kaduna a 2021, gwamnatin jiha ta ce ba ta sasanci, aka kashe ɗalibai biyar, iyaye suka fito suka ce da kuɗinsu suka karɓo sauran. Yaran Islamiyyar Tegina sun yi kusan wata uku a daji iyayensu na sayar da abin da suka mallaka. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris, 2022, na ƙarshensu 23 ba su fito ba sai 5 ga Oktoba. Ɗan jarida Tukur Mamu, wanda ya shiga tsakani a sakin wasunsu, an tsare shi a Alƙahira a watan Satumba, hukumar DSS ta karɓe shi, aka gurfanar da shi kan zargin tallafa wa ta'addanci, ya musanta. Ni ba alƙali ba ne. Tambayata ita ce, me ya sa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta jingina rayukan 'yan ƙasarta a wayar mutum ɗaya mai zaman kansa? In yana da laifi, wa ya bar masa filin? In ba shi da shi, an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, gobe wa zai yarda a aike shi?

A Kuriga, a watan Maris na 2024, an fara cewa yara 287 aka sace, aka dawo da 137 aka ce su ke nan. Wanda bai san adadin mutanen da yake nema ba, da wane baki zai yi ciniki a kansu?

Wannan magana ba daga littafi kawai nake yin ta ba. Kawuna malamin firamare ne mai ritaya a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Shekara uku da suka wuce aka ɗauke 'yarsa da jaririnta da dare. Ya kai rahoto, aka rubuta a littafi, aka ce ya je ya yi ta addu'a, in sun kira ya sanar. Sun kira. A kiran farko, cikin ruɗewa, ya ce musu ko nawa ne zai nemo, yana da ɗa da ke karatu a ƙasar waje. Ni ne ɗan. Kafin la'asar kuɗin ya ninka. Mutum uku cikin dangi suka riƙa amsa waya, kowa da alkawarin da yake ɗauka, ɓarayin suna gwara kansu. Aka aika kashin farko na kuɗi ba tare da an nemi jin muryarta ba. Wanda ya kai kuɗin suka riƙe shi, suka ce sai an kawo babur. Ni ina ɗakin kwanan ɗalibai a nan, tsakaninmu awa bakwai, ina kwana da waya a kunne ina ba da shawarar da ni ma ban san kanta ba. Bayan kwana 26 suka dawo, gonar gado ta tafi. Kowane ɗaya daga kurakuran nan, wanda aka horar zai kauce masa tun ranar farko. Kawu bai yi laifi ba, an tura shi jarrabawar da ba a koya masa ba. Mu da ke ƙasashen waje kuma mu sani, sunayenmu su ne farashin da ake ɗora wa danginmu.

Na san abin da Yaya zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce sasanci shi ne biyan kuɗin fansa, kuɗin fansa kuwa shi ke sayen bindigar gobe. Zai ce Katsina da Zamfara sun yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, me ya haifar? Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci satar yaran Ƙanƙara, ya ajiye makami a gaban hukuma a watan Fabrairun 2021, bai rufa wata uku ba ya koma daji. Duk gaskiya ne. Amma abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai afuwar siyasa, inda gwamna ke ɗaukar hoto da ɗan bindiga ya kira shi tubabbe. Akwai biyan fansa. Akwai kuma sasancin ceton rai, wanda aikinsa a riƙe waya a buɗe, a tabbatar waɗanda aka kama suna raye, a san ko su wane ne masu riƙe da su da abin da suke tsoro, a hana su kisa yau da gobe. Na ukun nake karewa. Rashinsa ne ma ke sa kuɗin fansa hauhawa, domin uba mai kuka shi ne mafi raunin mai ciniki a duniya. A watan Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya fansa. Wato mutum irin Kawu, wanda ba a iya kare shi ba, ba a iya taya shi magana ba, shi za a ɗaure.

Zai kuma ce ɗan bindigar da ke dajin Rugu ba kamar wanda aka ritsa a cikin kanti ba ne, ba a kewaye shi ba, lokaci yana hannunsa. Wannan ma haka ne, kuma shi ne dalilin da ya sa kwas ɗin mako guda da Bature zai zo ya bayar a otal a Abuja ba zai wadatar ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Dole darasin ya fito daga Ƙanƙara da Jangebe da Tegina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ban ce a jingine bindiga ba. Akwai ranar da ba makawa sai an kutsa, amma mai sasanci ne ke share wa masu kutsawa hanya. A Lima ta ƙasar Peru, 'yan tawaye sun riƙe gidan jakadan Japan daga Disambar 1996 zuwa Afrilun 1997. Wata huɗu ana tattaunawa, a lokacin ana haƙa ramuka ta ƙarƙashin gidan, ana tattara bayanan inda kowa yake. Ranar farmaki aka ceto 71 cikin 72. Auna wannan da Mabera.

Abin da nake nema ba ya buƙatar jirgin yaƙi. Na farko, a mai da sasanci darasi na dole a Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, da Kwalejin Manyan Jami'ai ta Jos, da kwalejojin kurata irin ta Kaduna da Maiduguri, a riƙa cin jarrabawarsa kamar yadda ake cin ta fareti da harbi. Ɗan sandan bakin titi shi ya fi kowa buƙatarsa, domin shi ke tsaye a mintunan farko. Na biyu, manhajar ta zama kundin namu: rahoton Aniagolu, rahoton Zariya, bayanan wayoyin Ƙanƙara da na jirgin ƙasa, a sakaya sunan da ya kamata a sakaya, a sa ɗalibai su kwaikwayi kowane ɓangare, wani ya zama uba, wani ɓarawo, wani baturen 'yan sanda. Na uku, kowace rundunar jiha ta sami ƙaramin sashe na masu sasanci, maza da mata, masu jin Hausa da Fulatanci da Kanuri kamar yadda ake yin su a ƙauye, waɗanda ba sa ƙarƙashin kwamandan farmaki, kuma cikinsu akwai wanda aikinsa ya zauna da iyalin wanda aka sace tun daga kiran farko. Na huɗu, malami ko ardo ko lauyan da hukuma ta roƙa ya shiga tsakani, a ba shi takarda, a haɗa shi da jami'i, a rubuta abin da ya kai da abin da ya kawo, domin a kare shi daga sharri, a kuma kare mu daga cin amanarsa. Na biyar, duk arangamar da aka rasa rai a cikinta, a yi bincike a wallafa cikin wa'adin da doka ta yanke.

Mu ma da aikinmu. A cikin ƙungiyar nan akwai masu karatun shari'a, da halayyar ɗan'adam, da aikin jarida, da kwamfuta. Kusan kowannenmu ya san gidan da aka taɓa ɗaukar wani. Mu zauna da iyalan da suka yarda, mu rubuta yadda maganar ta gudana kira bayan kira, abin da ya yi amfani da abin da ya ɓata, ba tare da sunaye ba. Mu fitar da ɗan littafi da Hausa mai sauƙi wanda mai unguwa zai iya karanta wa jama'arsa, mu aika kwafi Wudil da kwamitocin 'yan sanda na majalisun tarayya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na sa wannan a jerin batutuwan zamanmu na gaba, ina kuma roƙon Yaya ya jagoranci kwamitin, domin ban san wanda ya fi shi iya riƙe ɗaki da baki ba.

Makon jiya a Xintang na zauna awa uku tsakanin wani Alhaji na Kwari da mai masaƙa, suna jayayya kan abin da bai kai yuwan ɗaya ba a kowane wando. Alhaji ya tashi sau biyu kamar zai tafi, ya dawo, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar iyalin mutumin, bai taɓa ɗaga murya ba, kuma bai taɓa bari a gane iyakar abin da ke aljihunsa ba. Ya sami farashin da yake so. Al'ummar da ta iya wannan a kan wando, ta kuma iya biko da sulhun gona da raba gado, ba za a ce ba ta da bakin da zai karɓo 'ya'yanta ba. Horo ne ba a ba wa masu kakinmu ba, kundin da za a horar da su kuwa yana kulle a durowar waɗanda ke jin kunyar abin da ke ciki. Mu matsa a buɗe shi kafin wayar wani cikinmu ta yi ƙara da tsakar dare.